Kwana tara kafin a ba mu gawar ɗan yayana a Legas

Na daɗe ina ɗaga rubuta wannan, don duk sanda na ɗauko zancen sai in ji kamar jiya abin ya faru. Abin da ya sa na daure shi ne wani bawan Allah da ya same ni kwanan baya a rumfata a kasuwar Mile 12, ido jajir, yana tambayar ta ina ake farawa idan harsashi ya kashe maka mutum a garin nan. Da na zaunar da shi sai na ga irin ɗimuwar da muka yi ce shi ma yake shirin yi. Mu kwana tara muka yi kafin mu sa yaronmu a makwancinsa, kuma aƙalla uku daga ciki rashin sani ne kawai ya cinye su.

Yaron ɗan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifinsa. Shekarunsa 22, bai cika shekara biyu da zuwa wurina ba. Ni sana'ata tattasai da attaruhu, shi kuma yana kai wa masu saye kaya har inda suke. Ranar wata Talata da sassafe na ɗora masa kwando biyu ya kai wa wata mai gidan abinci kusa da wata babbar mahada a titin Ikorodu. Zai fita ya waiwayo ya ce, "Baffa, zan haɗa da kuɗin jiya in karɓo." Na ce to, Allah ya kiyaye hanya. Wajen ƙarfe tara labari ya fara shigowa kasuwa cewa 'yan wata ƙungiya da ke cewa ba su yarda da gwamnati ba sun fito da tutoci tun asuba, 'yan sanda sun zo tarwatsa su, an fara da barkonon tsohuwa, aka koma jifa, aka ƙare da harbi. Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Na kira mai gidan abincin, ta ce ya sauke kaya tun takwas da rabi, ta ce masa ya dawo anjima don kuɗin, shi ke nan ita ma ta rufe shago ta gudu. Zuwa azahar wayar ta daina shiga.

Sai bayan la'asar hanya ta buɗe. Muka fita ni da abokan sana'a shida, muka bi ƙananan asibitocin kuɗi da ke kewayen wurin ɗaya bayan ɗaya. A wani ma daga bakin ƙofa mai gadi ya sallame mu, ya ce su ba sa karɓar mai raunin bindiga sai da takardar 'yan sanda. A lokacin na ɗauka haka doka take. Daga baya na san cewa tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, shi asibitin ne zai sanar da caji ofis mafi kusa cikin awa biyu. Mu wannan sanin bai amfane mu ba, amma wanda Allah ya sa ya tarar da nasa da sauran numfashi ya riƙe shi da kyau, ya kuma riƙe lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767.

Kuskurenmu na farko a daren nan muka yi shi. Mu bakwai muka nufi wani caji ofis bayan isha'i, a ranar da aka wuni ana jifan 'yan sanda. Tun daga nesa aka haske mu da tocila, aka daka mana tsawa, muka ji ƙarar gyara bindiga. Ba wanda ya tsaya jin abin da ya kawo mu. Ɗaya daga cikinmu da ya matsa yana ɗaga murya saura kaɗan ya kwana a ciki. A idonmu mu masu neman ɗansu ne, a idonsu taro ne ya nufo su cikin duhu. Da mutum biyu muka je da rana, ɗaya mai jin Turanci ko Yarabanci, kowa da katin shaidarsa a hannu, da tun ranar an saurare mu.

Laraba ta ƙare a yawo. Caji ofis uku muka shiga, ko'ina maganar ɗaya ce: mu tsaya a kanta, mu faɗi suna, a duba littafin waɗanda aka tsare, a ce babu. A na ukun wani dattijon saje ya ja ni gefe ya tambaye ni daidai inda yaron ya sauke kaya, gefen titi na dama ko na hagu. Da na faɗa masa ya ce ai duk ba nan ya kamata mu zo ba, kowane caji ofis da yankinsa, kuma wani lokaci titi ɗaya ne ke raba yanki biyu. Ya kwatanta mini wanda wurin ke ƙarƙashinsa. Sai ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, kun duba mutuware?" Wallahi haushinsa na ji. Na juya na fita ko godiya ban yi masa ba, abin da har yau yake damuna, don shi kaɗai ya faɗa mini gaskiya a ranar. Kwana biyu muna tambayar ko an kama shi, ba wanda bakinsa ya iya furta ɗaya tambayar.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa caji ofis ɗin da ya dace, ni da wani maƙwabcin rumfata da aka haifa a Agege, Yarabanci kamar a bakinsa aka yanke cibiya. Muka ba da rahoton ɓatan mutum, aka rubuta, na miƙa hoton yaron da ke wayata. Wanda ke kanta ya daɗe yana kallon hoton, sai ya tashi ya kira wani. Tun daga nan jikina ya yi sanyi. Wanda aka kira shi ne ɗan sanda mai binciken lamarin, wanda suke ce wa IPO, kuma duk wanda ya shiga irin wannan hali ya karɓi sunansa da lambar wayarsa tun a ganin farko, don kusan kowace takarda ta hannunsa za ta bi. Ya ce akwai gawa ɗaya da aka kai mutuwaren wani asibitin gwamnati ba a san mai ita ba. Ba a barin mutum ya shiga dubawa shi kaɗai, sai da rakiyarsa. Mu muka biya tasi zuwa da dawowa, naira 6,000.

Ba zan tsawaita kan abin da na gani ba. An jawo shi, a ƙafarsa an ɗaura 'yar takarda mai lamba da kwanan wata, gurbin suna an rubuta ba a sani ba. Fuska ta ɗan canza, amma akwai tabon lauje a ƙaurinsa na hagu tun yana yaro a gona, da shi na tabbatar. Raunin guda ɗaya ne, ƙarƙashin hammata. Ba waya, ba takalmi, ba ko sisi a aljihu. Takardarsa ta NIN kuwa tana gida cikin akwatina, ni da kaina na karɓa na adana masa wai kada ta ɓata a wurin dako. Da tana aljihunsa, wataƙila tun ranar Talata an neme mu.

Na fito na zauna a bakin kwata na kira yayana. Na ce, "Yaya, sai haƙuri." Ya yi shiru, sannan ya ce, "An gan shi?" Na ce an gan shi, amma wanda ya fi mu son sa ya karɓi abinsa. Na ji salatinsa, na ji kukan mata ya tashi a bayansa. Da ya dawo kan waya abu ɗaya ya ce: "A yi masa sutura yau, kada ka bari ya ƙara kwana." Na ce to, don a tunanina tunda na gane ɗana sai in sa hannu in ɗauka.

Na koma wurin magatakardan mutuware na ce a ba ni takardar da zan cika. Ya dube ni ya ce ba shi da ikon sakin wannan, gawar korona ce. Na ce wace korona, yaron da aka harba? Ni cutar nan ta 2020 na ɗauka yake nufi, har na fara faɗa cewa za a laƙaba masa ciwon da bai yi ba. Maƙwabcina ne ya tsaya ya fahimci zancen ya warware mini. Korona a nan muƙami ne, alƙalin majistare ne da aka ɗora wa binciken duk mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba, wato kisa, haɗari, mutuwa a tsare, ko wadda ake shakka a kanta. Jihar Legas tana da dokarta a kan haka tun 2007. Da zarar mutum ya mutu ta irin wannan hanya, gawarsa ta fita daga hannun iyalinsa, ta fita daga hannun asibiti, ko 'yan sanda ba su da ikon cewa a ɗauka sai wannan alƙali ya sa hannu. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Mun ɓata yammacin Alhamis gaba ɗaya muna roƙon ma'aikatan mutuware, muna haɗa su da Allah, alhali mabuɗin ba ya hannunsu.

A nan ne kuma wani mutum da ke zaune a ƙarƙashin bishiya ya matso, yana Hausa tsaf, ya ce idan za mu ba da naira 150,000 zai san yadda za a fitar mana da shi da daddare. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata, don maganar yayana tana kunnena. Maƙwabcina ya riƙe hannuna ya ce mu fara jin ta bakin manya. Allah ya saka masa. Ko da mutumin gaskiya yake faɗa, da mun ɗauki gawa ba takarda, mun mai da kanmu masu laifi a shari'ar kisa. Na kuma roƙi kada a yi wa yaron allurar hana ruɓewa, aka ce ai an riga an yi tun Laraba, tunda ba a san mai shi ba. Wanda ya riski nasa da wuri ya faɗa tun a ranar farko cewa Musulmi ne, a ajiye shi a firji kawai, ya kuma nemi a rubuta hakan a fayil.

Juma'a da safe shugaban ƙungiyarmu ta 'yan tattasai ya kai ni wurin wakilin Sarkin Hausawan yankinmu. Dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau. Yana nan aka yi rikicin Ketu na Nuwamban 1999, wanda bayansa Shugaba Obasanjo ya ba 'yan sanda umarnin harbe 'yan ƙungiyar Yarabawa ta OPC masu tayar da fitina, yana nan aka yi na Idi-Araba a 2002, da na Mile 12 a 2016 da ya sa gwamnati ta rufe kasuwa. Ya ce mini, "Ɗana, a duk waɗannan na raka mutane karɓar gawa. Mai kuka ba ya karɓo ta, mai takarda ke karɓowa." Ya sa aka buga mana wasiƙa a takardar fada mai hatimi, tana shaida cewa yaron ɗan kasuwa ne sananne a cikinmu, ni kuma ƙanin mahaifinsa ne. Sannan ya haɗa mu da wata lauya, Bayarabiya Musulma da ta yi bautar ƙasa a Katsina, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ba ta karɓi komai a hannunmu ba sai kuɗin mota. Ita ta gaya mini cewa wanda ba shi da halin ɗaukar lauya zai iya zuwa ofishin lauyoyin gwamnatin jiha masu kare talakawa kyauta, wanda ake kira OPD, ko hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya.

Bayan sallar Juma'a muka tarar an ɗauke fayil ɗin daga caji ofis an mai da shi sashen da ke binciken kisa, wani mai binciken daban ya karɓa. Can aka ce in ba da bayani a rubuce. Nan ne wurin da ya fi ko'ina haɗari, kuma da ni kaɗai ne da na faɗa rami. Tambayoyin duk hanya ɗaya suka nufa: wace ƙungiya yaron yake ciki, wa yake bi, me ya kai shi wurin da sassafe, yana zuwa taro da daddare? Ina amsawa da Hausa, maƙwabcina yana juyawa, jami'in yana rubutawa da Turanci. Da ya gama ya turo mini biro. Barista ta ce a dakata, ta karanta layi-layi tana fassara mini. Sai ga wani wuri an rubuta cewa yaron ya bar kasuwa ya tafi wurin gangamin. Ni kuwa cewa na yi ya tafi kai tattasai kusa da inda aka yi gangamin. Ban ce da gangan aka yi ba, mai yiwuwa a wurin juya magana ta karkace, amma tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu ita ce tazarar da ke tsakanin mai wucewa da ɗan ƙungiya. Aka soke, aka gyara, na sa hannu a gefen gyaran. Barista ta kira mai gidan abincin, baiwar Allah ta rufe shagonta ta zo ta ba da nata bayanin, muka haɗa da katin ƙungiyar kasuwa na yaron. Kafin mu gama biyar ta wuce, kotu ta tashi, Asabar da Lahadi kuma ba aiki.

Kwana biyun nan sun fi sauran nauyi, ba don zirga-zirga ba, don abin da ke tsakanina da yayana. Barista ta riga ta faɗa mini cewa alƙali zai ba da umarnin likita ya binciki gawar, ma'ana a buɗe ta. Da na sanar da shi ya ce sam. "An kashe mini ɗa, sannan a feɗe shi kamar rago? Na yafe, ban nemi hakkin kowa ba, a ba ni shi kawai." Na ce, "Yaya, ba a hannuna yake ba." Ya ce da na so da na san yadda na yi. Wannan kalma ta soke ni, don ni na ɗauko yaron daga gabansa na kawo shi Legas. Barista ta ce muna iya rubuta wa alƙali roƙon a ɗauke mana binciken saboda addini, amma a mutuwar harsashi, wadda kuma ake taƙaddamar wanda ya harba, da wuya ya amince, kuma jiran amsar zai ƙara mana kwanaki. Ta ƙara da cewa rahoton likita shi ne kaɗai takardar da za ta tsaya gobe ta ce ga abin da ya kashe shi, idan babu shi kowa na iya faɗin abin da ya ga dama. Na je wurin limamin masallacinmu, ya ce asali gawar Musulmi tana da alfarma kamar mai rai, amma malamai da dama sun yi sassauci idan hukuma ta wajabta don gano gaskiyar kisa, laifi ba ya kan iyalin da aka fi ƙarfinsu. Na haɗa shi da yayana a waya, suka yi kusan rabin awa. Daren Lahadi ya kira ni ya ce, "Yi abin da ya sawwaƙa." Bai ƙara ko kalma ba.

Litinin muka fara da takardar rantsuwa a babbar kotu, tunda mahaifi yana raye kuma ba ya nan, dole in nuna da izinin wa nake karɓa. Yayana ya rubuta wasiƙar wakilci, dagacin garinmu ya sa hannu da hatimi, aka turo ta WhatsApp muka buga. Aka buƙaci hotona na fasfo biyu, katin shaidata, da takardar NIN ta yaron. Wannan bai wuce awa biyu ba. Daga nan muka wuce kotun majistare inda korona yake zama. Fom ɗin rahoton mutuwa ba mu ke kai shi ba, mai bincike ne zai cika ya kawo. Mun isa tara da rabi, shi bai iso ba sai sha biyu, bayan kira biyar da aika masa abin da ya kira kuɗin mai. Lokacin kuma alƙali yana kan shari'o'in ranar, sai muka zauna a benci a baranda.

A zaman nan ne na ce wa Barista ni dai ban taɓa jin ƙasar da ake wahalar da mutum kan gawar ɗansa irin tamu ba. Ta yi murmushin da ba na daɗi ba, ta ba ni labarin birnin Filadelfiya a Amurka, inda ranar 13 ga Mayu 1985 'yan sandan birnin suka jefa bam daga jirgi mai saukar ungulu a kan gidan wata ƙungiyar baƙaƙen fata masu adawa da hukuma da ake kira MOVE. Mutum 11 suka mutu, biyar yara ne, gidaje 61 suka ƙone. Ta ce sai a 2021 aka fallasa cewa ƙasusuwan wasu daga cikin yaran suna ajiye a gidan tarihi na wata jami'a, shekara 36 iyayensu ba su sani ba. Ba ta faɗa don ta rage mini zafi ba, kuma bai rage ba. Ta faɗa ne don in gane dalilin da take nacewa kowane mataki ya zama a rubuce da sa hannu. Wajen ƙarfe uku magatakarda ya fito da umarnin binciken gawa, mu ko fuskar alƙalin ba mu gani ba.

Talata, kwana na takwas, aka yi binciken. Aka sake shigar da ni na tabbatar a gaban likita cewa shi ne, mai bincike yana tsaye, na sa hannu. Mun biya naira 50,000 a wurin karɓar kuɗi na asibitin aka ba mu rasit. Barista ta ce iyali na iya neman izinin kawo nasu likitan ya tsaya ya gani, mu ba mu da halin haka. Awa huɗu na yi a waje ina jan carbi, ban san me nake karantawa ba. Da likitan ya fito ya gaishe ni da mutunci, ya ce rahoton ba hannuna zai zo ba, wurin alƙali za shi, amma zai rubuta takardar sanadin mutuwa.

Laraba ita ce ranar tattara takardu, kuma duk wanda ya zo wannan mataki ya fito tun asuba. Mutuware ba su sake shi ba sai da muka ajiye abu huɗu a gabansu: takardar likita, izinin alƙali na a saki gawa a binne, wasiƙar mai bincike, da takardar rantsuwata. Kowacce mun yi mata fotokwafi uku tun kafin mu miƙa, don wadda ta shiga fayil ba ta fitowa. Kuɗin ajiya na kwanakin da ya yi ya kama naira 38,000. Motar ɗaukar gawa zuwa Agege 30,000. Tun farko yayana ya so a kai shi gida, amma tafiyar ta fi kilomita dubu, ga shingaye a hanya, ga gawa ta kwana tara kuma an yi mata aiki. Shi da kansa ya ce a bar shi inda ƙasarsa ta kira shi. Masu wanka a can sun saba da irin wannan, suka lallaɓa ɗinkin, suka yi masa sutura yadda ya kamata. Bayan la'asar aka yi masa salla, jama'ar kasuwa sun cika wurin har da Yarabawan da muke ciniki da su, aka kai shi makabartar Musulmi da ke Agege. Na riƙe waya a kunne yayana yana jin kabbarori huɗun daga can.

Da na zauna na yi lissafi, abin da ya fita ya kai naira 210,000, har da kuɗin mota na kwana tara, likkafani da haƙar kabari, da kimanin 15,000 da suka tafi a kuɗin mai ba rasit. Fiye da rabi 'yan ƙungiyarmu suka haɗa. Farashi yana canzawa, kada wani ya riƙe waɗannan lambobi kamar ƙa'ida. Abin da zan ce shi ne duk inda aka ce ka biya, ka tambayi ina ne wurin karɓar kuɗi, ka karɓi rasit. Wanda ya ce ka ba shi a hannu, ka san kyauta ce kake yi.

Da zan sake bin hanyar nan, Allah ya kiyaye, da ranar farko zan nufi caji ofis ɗin da wurin ke ƙarƙashinsa da hoton yaro, in tambayi waɗanda aka tsare da waɗanda aka kai mutuware a zama ɗaya, komai ɗacin tambayar. Da tun ranar zan je fadar Sarkin Hausawa in nemi lauya, ba sai na gaji da roƙon waɗanda ba su da iko ba. Da mun gane shi ranar Laraba, da fom ya isa gaban alƙali kafin Juma'a, Asabar da Lahadi ba su same mu a tsakiya ba. A irin wannan lamari ranakun mako ma abin lissafi ne. Yaran da ke rumfata yanzu kuwa ba mai fita kai kaya sai da katin shaida a aljihu da lambata a rubuce a bayan katin, kuma ranar da aka ji ƙishin-ƙishin wata ƙungiya za ta fito, kaya su ruɓe a rumfa, ba inda za a kai su.

Bayan sadakar bakwai na kai takardar likita ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa da ke sakatariyar ƙaramar hukuma, su ne ke ba da ainihin takardar shaidar mutuwa. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai ranar da banki ko kotu ta nema a shiga neman ta. Da ita muka rufe ɗan asusun yaron, aka aika wa mahaifiyarsa abin da ke ciki. Barista ta rubuta wa kotu neman kwafin rahoton likita, ta kuma nemi a yi zaman bincike a fili kan yadda ya mutu. 'Yan sanda sun ce 'yan ƙungiyar ne suka yi harbi, 'yan ƙungiyar sun ce su tutoci kawai suka riƙe. Ni ban ga wanda ya harba ba, ba zan ɗora wa kowa ba. Duk farkon wata nakan biya wurin magatakarda in tambaya ko an sa rana, ya buɗe littafi ya ce in dawo.

Mai gidan abincin ta zo rumfata bayan kwana arba'in, ta kawo kuɗin kayan ranar da na jiyan da ya ce zai karɓo, ta haɗo da kwandunan nan biyu da ya bari a shagonta. Kuɗin na aika wa yayana. Kwandunan suna nan a bayan rumfa, ban sake zuba kaya a cikinsu ba.